Wankan Jego a Ƙasar Sanyi

Ɗakin da muka samu a Ingila a ƙarƙashin ƙasa yake. Taga ɗaya gare shi, ita ma daidai da bakin titi, in ka ɗaga kai ba ka ganin fuskar kowa, sai ƙafafun masu wucewa. Malam, maigidana, gwamnati ce ta turo shi koyon aikin noman rani, don a shekarun nan na bayan yaƙin basasa ba a da zance sai na tare kogi da shuka alkama a fadamun Haɗeja. Ni rakiya na yi. Na bar ajin da nake koyarwa a firamare, na biyo shi da akwati ɗaya da ƙunshin kuka da daddawa.

Wani dillali ne ya sama mana ɗakin, mutum mai washe baki kamar gonar auduga. Ya nuna wa Malam ɗaki a bene, mai rana, mai labule. Ranar da muka iso da kaya sai ya ce ai wancan an riga mu, amma ga wani a ƙasa wanda ba mai damunmu. Lallai ba mai damunmu, sai bangon da ke tsatsafo da ruwa, da takalmin da za ka ajiye ka dawo ka tarar ya yi furfura. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Muka shiga, har da godiya.

Ni Saude 'yar masunta ce. Gidanmu ba shi da nisa da kogi, na tashi ina iyo a kan gora, ina ɗaukar kwandon kifi a ka har kasuwa ban sa hannu ba. Da damina in ruwa ya malale fadama, daga ƙofar gidanmu kana hango shi har iyakar ganinka, ƙanshin banda kuma ya cika unguwa. Sai ga ni a rami ina ƙirga takalman Turawa. Kewar gida ta fi damuna da hantsi, bayan Malam ya fita, in na gama shara na rasa wanda zan ce wa ina kwana.

A kasuwar kifi na tsinci Yagana. Ina tsaye ina kallon wani kifi mai faɗi, idanunsa duka a gefe guda, sai na ji mace a bayana tana cewa da Hausa, irin Hausar mutanen gabas:

"Wannan kuma kifi ne ko allon makaranta?"

Ban san lokacin da na cafke mata mayafi ba. Doguwa ce, baƙa, kakkaura, da zanen Mangawa a fuska. Ta ce daga Birniwa take, mijinta Malam Bukar yana koyon aikin likitan dabbobi. Na ce ni 'yar Haɗeja ce. Ta rungume ni a tsakiyar kasuwa tana "wushe, wushe," wato sannu a bakinsu, mai kifi yana kallonmu baki buɗe. Ta girme ni sosai, don haka tun daga ranar Yaya nake ce mata. Ita ta nuna min shagon Indiyawa mai barkono, ita ta koya min yin tuwo da garin semolina, ita take min kitso. Shekararta goma da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sau ɗaya ta faɗa min, tana tsefe min kai, ba ta ƙara ba.

Ciwon ya fara min da sanyin farko. Na tashi da safe idona na dama yana ciwo in na juya shi, komai kuma ya yi hazo. Na ce hayaƙin murhun gas ne. Ido ya fara washewa sai ƙafar hagu ta ɗauka, ta yi nauyi, ina janta, in na taka ƙasa kamar a kan katifa nake. Aka yi ta kai ni asibiti ana dawo da ni. Likitocin sun daɗe ba su yarda da abin da suke gani ba, don wai ciwon ba kasafai yake kama baƙar fata ba. Da suka yarda kuwa sai na zama abin kallo, ana kiran 'yan koyon likita su zo su ƙwanƙwasa min gwiwa da 'yar guduma.

Babban likitan, wani dattijo mai sanƙo, shi ya zaunar da mu. Ya faɗi sunan ciwon, multiple sclerosis, sunan da Turawan ma taƙaita shi suke yi. Ya jawo wayar fitilar teburinsa ya nuna min robar da ta lulluɓe ta. Ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ido da hannu da ƙafa, su ma haka suke da riga, tawa ce take zaizayewa nan da can. Ciwon yakan zo ya lafa, ya sake dawowa, ba wanda ya san ranarsa, ba kuma maganin da zai raba ni da shi. Daga nan ya dubi Malam ya ce shawararsa ita ce kada in ɗauki ciki.

Dariya ta ƙwace min. Shekara uku da aure, dangin miji sun fara gaisawa da cikina kafin su gaisa da ni, sannan wani mai sanƙo ya ce in haƙura? Ashe ma a ranar da shigar ciki a jikina, ban sani ba.

Abin da ya biyo baya shi ya ruɗe ni. Ciki yana girma, ciwo yana ja da baya. Hazon ido ya tafi, ƙafa ta saki. Da cikin ya tsufa na rataye sandar da aka ba ni a asibiti a bayan ƙofa, na riƙa hawa tudun kasuwa da tulun cikina ina barin Yagana a baya tana haki. Ban taɓa jin lafiya irin ta watannin nan ba tun da na bar gida. Na ce wa Malam Bature ya yi ƙarya, jinin masunta ya fi ƙarfin ciwonsu. Likita ya ce min haka ciwon yakan yi wa mata da yawa, yakan yi barci in da ciki, amma in yi hattara da watannin farko na bayan haihuwa. Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai wa'azin kasuwa.

Yagana tana ta ɗinkin 'yan riguna da hannu. In ta shigo sai ta fara dafa cikina ta ce, "Baƙonmu ya kwana lafiya?" Ina ganin yadda idonta ke tsayawa a kansa. Na tausaya mata, irin tausayin mai ƙoshi ga mai yunwa, wanda ba ya hana shi cin abincinsa.

Na haifi mace da shigowar sanyi na biyu. Malam ya sa mata sunan mahaifiyarsa, muka riƙa ce mata Ummi. Wanda bai san mu ba sai ya ji wannan. 'Yar fari a wurinmu, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ko kuka take yi sai ta kau da kai har wani ya ce ɗauke ta mana. Ga kuma sunan suruka a kanta, ƙofa biyu ke nan aka kulle min. Za ka ce wa zai gan ni a ramin Ingila? Yagana kaɗai ta isa ta zama idon gari. In na shagala ina kallon yarinyar sai ta ce, "A'a, mai jego, ina kunyar taki?" Ta yi dariya ta ɗauke ta.

Da ina gida, ɗakin mahaifiyata zan koma wanka. Da ba uwa a kusa, Yagana ta ɗaura ɗamara.

"Muddin ina numfashi," in ji ta, "ba za a ce 'yar Haɗeja ta haihu ta zauna da ɗanyen jiki ba."

Ta samo bahon ƙarfe da manyan tukwane biyu. Ganyen darbejiya babu, sai ta riƙa karyo rassan shingen mai gidan hayarmu, wata tsohuwa mai kaifin baki. Tsohuwar ta sauko tana ihu da Turanci, Yagana tana ba ta amsa da Manganci, aka rabu kowa na ganin shi ya yi nasara. Safe da yamma take tafasa ruwa har ya yi ƙara, ta tsoma ganye ta riƙa fyaɗa min, ɗaki ya turnuƙe da tururi. In an gama ta zaunar da ni gaban murhun gas a maimakon gadon wuta, ta miƙo min kunun kanwa. Kanwar nan daga ƙasarsu ta zo da ita, a ƙasan akwati. Don jegon kanta ta tanade ta, ta kwance min ƙullin.

Tun wankan farko na ji abin. Ina fitowa daga baho ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, idona ya rufe da hazo. In jiki ya huce sai su dawo. Na faɗa mata.

"Sanyi ne, Saude. Sanyin ƙasar nan ya shiga ƙashinki. Mai jegon da ta yi wasa da ruwan zafi ita ke kumbura. Gobe zan ƙara wuta."

Ta ƙara. Ni ma ban musa ba, don na san abin da mahaifiyata za ta ce ke nan. Kullum ina ƙara laushi, kullum ruwa yana ƙara zafi, mu duka biyu muna ganin yaƙi muke da sanyi.

Ban kai arba'in ba ciwon ya farka da gaske. Wannan karon jiki ya huce amma ƙafafu ba su dawo ba, duka biyun. Hannuwana suka yi dundum, in na shafa kan Ummi ba na jin gashinta. Wata safiya na ce sai na goya ta. Na zauna a bakin gado, na ɗora ta a baya, na ja zani, yatsuna suka kasa soke shi. Ta sulale. Yagana ce ta tare ta kafin ta kai ƙasa. Ba ta yi min faɗa ba. Ta juya kawai ta saɓa ta a nata bayan, ta ɗaure da majanyi, yarinyar da ke tsala kuka ta yi tsit. Haihuwar guzuma ke nan, 'ya kwance uwa kwance.

Daga ranar kishi ya shige ni, kuma ba zan sa masa wani suna ba. Ban taɓa yi wa Malam kishin wata mace ba, amma na yi kishin bayan Yagana. Na yi kishin ƙafafunta masu hawa matakala bibbiyu. Na yi kishin hannunta da ke jin ɗumin ruwan wankan yarinyar. In ta goya ta ta tafi kasuwa, ina kwance ina kallon taga har takalmanta su gifta, na san 'yata tana can sama da su, inda tagar ba ta kaiwa. Ta dawo tana fara'a:

"Yau wata Baturiya ta tare ni, wai yarinyar kamarmu ɗaya. Na ce mata ai dole."

Kofin shayi ne a hannuna, da ina da ƙarfin jifa da ta sha shi. Na yi murmushi na ce, "Ai 'yarki ce, Yaya." Murmushin farko da Ummi ta yi a duniya, Yagana ta yi wa. Ina gado ina gani. Ta juyo da ita don in gani ni ma, yarinyar ta dube ni ta ɓata fuska.

Akwai ma'aikaciyar lafiya da ke zagayawa gidajen masu jego. Da rana ta saba zuwa, ran nan sai ta yi sammako, ta tarar da ni a baho, Yagana na tsaye a kaina da ganye, ba a ganin bango don tururi. Ta tsoma yatsa a ruwan ta fizge. Ihun da ta yi har tsohuwa mai gida sai da ta leƙo. Kafin azahar ina asibiti.

Mai sanƙo ya riƙe kai da aka ba shi labari. Ya ce ba abin da jijiyar da ta zaizaye ta ƙi jini kamar zafi, har su kansu a ruwan zafi sukan sa mutum don su gane ko ciwon ne. Bai gargaɗe ni ba, don bai taɓa jin inda ake dafa mai jego ba. Ni kuma ban faɗa masa ba, yaushe mace za ta zauna tana ba wa namiji labarin wankanta? Amma ya ce in fahimta, ba ruwan ne ya ta da ciwon ba. Ruwan raunana ni yake yi na ɗan lokaci. Farkawar ciwon bayan haihuwa kuwa, ko an yi wanka ko ba a yi ba tana iya zuwa, kuma sau da yawa yakan lafa bayan wasu watanni.

Ban ji daɗin wannan bayani ba. Na fi son a ce laifin Yagana ne. Ta zo dubiya da Ummi a baya, ta durƙusa a gefen gadon tana kuka.

"Da hannuna na dafa ki, ƙanwata. Ki yafe min."

"Allah ya riga ya rubuta, Yaya," na ce, idona yana kan ɗan hannun da ya damƙe mata sarƙar wuya.

Na daɗe a asibiti ana yi min allurai. Kafin in fito nono ya ƙafe, Ummi ta saba da kwalba da ƙirjin Yagana. A keken guragu aka dawo da ni ramin.

Sai ga maganar da nake tsoro. Malam Bukar ya gama karatu za su koma gida, Malam kuma da sauran shekara biyu a gabansa. Ma'aikatan lafiya suka kawo shawarar a ba wa wasu Turawa riƙon yarinyar, kamar yadda ɗalibai baƙaƙe da yawa ke yi. Malam ya ce ba zai kai 'yarsa gidan da ba a sallah ba. Ran wata Lahadi bayan la'asar suka zauna a ɗakinmu, maza biyu a kujera, Yagana a ƙasa da Ummi a cinya. Aka yi ta kewaye-kewaye har Malam ya fito da ita: Yagana ta tafi da yarinyar Birniwa, in mun dawo a ga abin da Allah zai yi. Duk wanda ke ɗakin ya san 'yar fari in ta shiga ɗakin wadda ba ta haihu ba, ba a zuwa karɓa.

"Saude, me kika ce?" in ji Malam.

A'a tana nan a bakina. Likita ya ce ciwon zai iya lafawa, ina so in ce a ba ni 'yan watanni. Amma ga baƙo namiji a zaune, ga Yagana ta sunkuyar da kai, ga ni a keke ko fitsari sai an kai ni. Na kau da kai na faɗi abin da kowace 'yar mutunci za ta faɗa.

"Ni me nawa a ciki? Ai 'yarku ce."

"Allah ya yi miki albarka," in ji Malam.

Har ya koma ga Allah ban daina jin haushin albarkar nan ba. Ya san maganar kunya ce, ya karɓe ta a matsayin ta gaskiya don ita ce mai sauƙi.

Suka tafi. Ba a yi wata huɗu ba hannuwana suka fara dawowa, sannan ƙafar dama, sannan ta hagu da ɗan ja. Na bar keke na koma sanda, daga baya sandar ma sai in zan yi nisa. Lafiyar nan ta fi ciwon ƙona min rai, don ta zo bayan an gama rabon. Tsohuwa mai gida, wadda muka yi wa shinge aski, ita ta riƙa saukowa da butar shayi ta zauna tare da ni. Ɗanta ɗaya ya tafi wata ƙasa mai nisa bai dawo ba. Ba ma yin hira sosai, mukan sha shayi ta tattara kofunanta ta hau. Labarin Ummi sai a bakin masu zuwa daga gida: ta yi haƙori, ta fara tafiya, Yagana ko makota ba ta zuwa sai da ita. Kowane labari sai na kwana biyu ina tauna shi.

Da bazara muka sauka Haɗeja. Fari ya cinye kogi har yara na tsallaka shi da ƙafa, gari kuma ya cika da sababbin babura, kuɗin mai ya fara shigowa. Zafin gida da na yi shekaru ina mafarki, shi ya fara kayar da ni. Rana na ɗagawa ƙafar hagu ta mutu, sai da yamma ta farfaɗo. Na koma sanda.

Ban huta ba na ce zan je Birniwa. Malam ya ce in bari yarinya ta ƙara wayo. Mahaifiyata ta riƙe haɓa.

"Ke Saude, wa kika taɓa gani ya bi sawun 'yar fari? So kike a yi da mu a gari?"

"A yi, Inna. Kunyar nan ta ci min shekara biyu, ba zan ƙara mata ba."

Na shiga mota zuwa Malam Madori, na hau jirgin ƙasa mai zuwa Nguru. Rana ta take lokacin da na sauka Birniwa, ina jan ƙafa cikin rairayi, ina tsayawa a kowace inuwa. Da na yi sallama Yagana tana tankaɗe a tsakar gida. Ta saki rariya ta taho da gudu ta rungume ni. A bayanta, riƙe da gefen zaninta, ga wata 'yar yarinya da kitson Mangawa, da goshin Malam, da idanuna.

Yagana ta durƙusa ta yi mata magana da Manganci tana nuna ni. Yarinyar ta dubi fuskata, ta dubi sandar, ta daɗe a kan sandar, sannan ta ce, "Kaka." Matan gidan suka kwashe da dariya. Ni ko talatin ban kai ba.

Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Ban bari an gama gaisuwa ba, don na san in na ci abincin gidan bakina zai mutu.

"Yaya, na zo tafiya da Ummi."

Wata tsohuwa ta ce wani abu da yarensu, ban ji ba amma na gane. Yagana ta dubi sandata.

"Kin tabbata za ki iya, da ƙafar nan?"

"Ko da rarrafe ne."

"To," in ji ta. "Taki ce. Ban taɓa mantawa ba, ko da na so in manta."

Ta shiga ɗaki ta haɗa kayan yarinyar a kwalla. Tana ɗaurewa tana faɗa min: ba ta cin miyar kuɓewa, tana tsoron raƙumi, in zazzaɓi zai kama ta kunnenta ne ke fara zafi, ba ta barci sai an riƙe mata ƙafa. Ina tsaye ina jin halayen 'yata a bakin wata, ko ɗaya ban sani ba. Hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta ɓoye ba, matan gidan suna ba ta haƙuri. Har kukan nan na yi mata kishinsa. Ita an yarda ta yi kuka a kan yarinyar a gaban kowa, ni ranar da aka ɗauke ta bango na juya wa fuska.

Ita ta goyo ta har tasha, don ba zan iya ba. Da jirgi ya tsaya ta miƙo min ita ta taga, ta juya ta tafi da sauri ba ta waiwayo ba. Ummi ta ƙwalla ƙara. "Ya! Ya!" take kira, wato uwa a bakinsu. Ta yi ta dukan ƙirjina, ta cije ni a hannu, na ji zafin cizon sosai, na kuwa gode wa Allah da hannun ke ji. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta yi barci a cinyata don gajiya. Na riƙe mata ƙafa kamar yadda aka ce.

Mun kusa Malam Madori ta farka. Ta dube ni, ba kuka, ta yi wata 'yar magana a hankali. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Wata mata mai tallan dabino da ke zaune kusa da mu ta ce:

"Baiwar Allah, tambayarki take. Wai yaushe za ki mai da ita wurin uwarta?"

Mutanen da ke kusa suka juyo. Na ga tambayar a idonsu, wace ce wannan mai sanda da 'yar mutane?

"Ki ce mata ni ce uwarta," na ce, da ƙarfi yadda duk taragon zai ji. "Ni na haife ta. Ita ce 'yata ta fari."

Matar ta faɗa mata. Ummi ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai, ta juya fuska wajen taga, amma ba ta sauka daga cinyata ba.

A ɗakina ta girma. Ciwon ya zo ya tafi sau da yawa, wani zuwan ya bar min abin da bai koma da shi ba, kuma ita ce ta riƙa miƙo min sanda. Manganci ya bar bakinta tun kafin ta shiga makaranta. Yau ita ma da jikokinta, tana kula da ni fiye da yadda na cancanta, tana ce min Hajiya. Amma har gobe in ta yi tuntuɓe, ko wuƙa ta yanke ta a kicin, ina daga ɗaki ina ji, ba ni take kira ba. "Wayyo Ya," take cewa.